Kurkunun da Ya Hana Ni Shiga Tafki

Kurkunun farko ni na tsinka shi da hannuna, saboda kifi soyayye guda ɗaya. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don in na yi shiru abokina Bitrus zai faɗa, kuma gishirin da zai ƙara ya fi nawa.

Sunana Iliya. Ƙauyenmu yana kusa da tafkin Madarunfa. Gidajen masu bi a garin ba su da yawa, sauran Musulmi ne, sai 'yan gidajen Anna, dangin Babana, da ke nan kan al'adar kakanni. Ina rubuta wannan ne don 'yan zumuntar matasa, musamman masu kafa baki a kududdufi in sun je gona suna cewa cikinsu ƙarfe ne. Nawa ma ƙarfe ne. Ta ƙafa abin ya ɓullo.

Daminar shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ce. Mun gama shuka ke nan, sai wani bororo ya fito mini a idon sawun hagu, yana zafi kamar an ɗora garwashi an manta. Na tsoma ƙafar a ƙwaryar ruwa, bororon ya fashe, wani farin zare ya leƙo. Inna ta duba ta ce kurkunu ne. Baba ya ɗaure kan zaren a tsinke, ya naɗe da ƙyalle, ya ce mini, “Kada ka taɓa shi.” Suka tafi gona.

Bitrus ya zo dubiya da kifi a takarda, yana ci yana kallona. Na ce masa mutanen garin nan tsoro ya yi musu yawa, ni zan iya zare abin nan gaba ɗaya kafin ya gama kan kifin.

Ya ce, “In ka zare, sauran naka ne.”

Na kwance ƙyallen, na kama tsinken, na ja. Ya biyo ni kamar taki guda, har na fara miƙa hannu wajen kifin. Sai na ji tas. Guntun ya rage a hannuna, sauran ya koma ciki. Bitrus ya naɗe takardarsa ya ce Innarsa na kiransa.

Ku san abin da ke raina a lokacin. Ni da Bitrus muna ajin baftisma, kuma an sa za a yi bayan girbi, a bakin tafki, wurin da mata ke ɗibar ruwa don nan ne ƙasa ba ta da laka. Na riga na gaya wa duk wanda ke da kunne cewa ni zan fara shiga ruwan. Ba wai bangaskiya ce ta cika mini ciki ba. Addu'ata a lokacin ita ce amin ɗin da nake cewa in Baba ya sa wa tuwo albarka, ido ɗaya a rufe, ɗayan yana gadin nama. Amma a majami'armu wanda aka yi wa baftisma ya bar tabarmar yara, ya hau benci, ya ci Jibin Ubangiji tare da manya. Bencin nan nake so, kuma ban shirya Bitrus ya riga ni hawa ba.

A makon farko ƙafar ta kumbura ta zama turmi. Ban ƙara ba, ko na ƙara kaɗan ne. Masassara ta kama ni, mugunya ta taru, ƙudaje suka yi ta zuwa daga garuruwa suna kawo iyalansu. Sai masu dubiya, kowa da maganinsa. Wannan ta ce man shanu da ɗumi, wancan ya ce ganyen tumfafiya, wani tsoho ya ce kashin saniya sabo. Na ce masa ƙafa ce, ba gonar dawa ba. Inna ta harare ni.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ce ta zo da magana mai nauyi. Ba ta taɓa shiga majami'a ba, kuma har yau tana ganin Baba ya yi wa gida laifi da ya bar yanka wa Doguwa, aljanar gidansu. Ta zauna a bakin tabarmata ta latsa ƙwaurin.

“Maigidana, haka za ka bar ni da gurgun miji?”

“Tsohuwa, ko da ƙafa ɗaya na fi ki gudu.”

Ta yi dariya, sannan ta juya wajen Baba, dariyar ta tafi. “Wanga ba ciwon banza ba ne. A kira wanzami shi yi mai sakiya, a kai baƙar kaza gindin tsamiya. Ƙafar yaron aka kama don kai ka jiya.”

Baba ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi in tana magana. “Iya, kaza ba za ta je tsamiya da sunan ɗana ba. Gobe za mu likita.”

Sakiya kuwa, ga wanda bai sani ba, ƙarfe ake sa wa a wuta ya yi ja a huda kumburin da shi. Da na ji Baba ya ce likita, na ji ina son mutumin nan fiye da kowane lokaci.

Maƙwabcinmu Malam Lawali ya ba mu amalankensa da jakinsa, bai karɓi ko dala ba, Allah ya saka masa. Jakin dai ban gode masa ba, don duk ramin da ke tsakanin garinmu da Madarunfa sai da ya gaishe shi. A likita muka tarar da layi tun daga bakin ƙofa har gindin dalbejiya, mata da yara masu masassara, da wasu irina masu tsinke a ƙafa, muna kallon juna kamar 'yan gida ɗaya. Mun zo da sanyin safiya, ba a kira mu ba sai da inuwa ta koma ƙarƙashin mutum.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya kwance ƙyallen ya yi tsaki. “Wa ya ja shi?”

Na ce da kansa ya tsinke.

“Da kansa,” in ji shi. Ya matse wurin, na ga taurari da rana tsaka. Ya wanke, ya yi mini allura, sannan ya shafa ƙasan gwiwata ya kama hannun Baba ya ɗora a kai. Akwai wani abu kamar igiya kwance a ƙarƙashin fata. “Ga na biyu nan tafe. Ruwan da ya sha bara ne yake biya bana. Wannan ba shi da allura, ba shi da ƙwaya, wanda na rubuta na ruɓar ne kawai. In ya fito, a naɗe shi a tsinke, kullum kaɗan. Ya tsaya, a tsaya. Dusuma, ka ji ko? Dusuma. In ya tsinke a nan, gwiwar ta sandare ke nan.”

Dusuma, wai a hankali, da Faransanci. Sai ya riƙe kunnena ya ƙara ɗaya. “Muddin akwai bororo ko rami a buɗe, ba kai ba tafki, ba kai ba kududdufi. Abin nan in ya ji ruwa ƙwai yake zubawa. Ka shiga yau, baɗi wani ya kwanta.”

Ya ba mu ƙyallen tace ruwa guda biyu. Magani kuwa ya yi tsada har Baba ya karanta takardar sau biyu, sai da Inna ta sayar da akuyarta. Ƙyalle ɗaya muka kai wa Kaka. Ta juya shi, ta ce yana da laushi, ta yi ɗankwali da shi. Ta ce ruwan tafkin da uwarta ta sha ba ya bukatar rariya.

A mako na uku na biyun ya fasa fata. Aka ba Yaya Hannatu aikin naɗe shi, don ita ce mai sanyin hannu a gidanmu, ko da yake bakinta ba shi da sanyi. Kuma ita ce ke noma rabona a gona, saboda haka ba ta da lokaci sai da asuba. Da ladan ya kira salla sai ta shure tabarmata. Ta fito da ni gindin bedi, wato dalbejiyar tsakar gida, ta jiƙa wurin da ruwan kwano, ta jira, ta fara murza tsinken. Ruwan kuma ta kai can bayan danga ta zubar a busasshiyar ƙasa.

Zafin ba shi da misali. Kamar ana zare jijiya da wuta. Ihuna yana kaiwa Safo, wasu sun ce har Ɗan Issa ’yan kwastan sun tambayi lafiya. A rana ta uku ko ta huɗu ta saki tsinken ta ce, “Iliya, kunnena ya gaji. In ihu za ka yi, yi wa Allah, shi ba ya zuwa gona.”

Na ce to. Na ɗaga kai na fara. Ba addu'ar majami'a ba ce, faɗa ne. Na ce, “Ubangiji, mi na yi maka? Bitrus ya sha kududdufin nan tare da ni, ga shi can yana buga ƙwallo. Ni kaɗai ka gani? In don kifi ne, ai ban ci ba.” Na yi ta zubawa har Hannatu ta ce an gama na yau. Abin mamaki, ban ji ƙarshen murzawar ba, hankalina yana kan ƙarar da nake kaiwa.

Washegari na sake. Jibi na sake. Ladan ya kira nasa, ni in fara nawa. Malam Lawali ya leƙo ta kan danga wata safiya yana dawowa daga masallaci ya ce, “Iliya, ashe ku ma kuna da asuba. Amma taku da ƙarfi take.”

Fasto Ishaya ya zo dubiya a kan kekensa, Inna ta kai ƙarata, ta ce yaron nan yana yi wa Allah tsawa. Na shirya shan wa'azi. Sai ya zauna ya ce in maimaita masa abin da nake faɗa. Na maimaita, na ɗan rage. Ya ce, “Ba ka fara ba, akwai manya cikin Maganar Allah da suka yi kuka fiye da haka. Amma kai kaɗai kake magana. In ka kai ƙara wurin mai gari, gama faɗa kake yi ka juya ka tafi?”

Na ce ƙafar tafiyar ma ba ni da ita.

Ya yi dariya, ya ce to tunda ina zaune, in karanta aya ɗaya kowace safiya bayan na gama faɗan. Ɗaya tak. Na ce ni da na yi lakwal, wato boko, zan iya shafi goma a zama guda. Hannatu ta ce, “Haka ka ce da na farkon.” Fasto ya yi kamar bai ji ba.

Na gwada shafi goman, ba don komai ba sai don in ba ta haushi. Na yi barci a na biyu, na tashi ban tuna ko kalma ba. Na koma aya ɗaya. Ita wannan ɗayar kuma sai ta bi ni yini guda, don mai kwance ba shi da abin taunawa sai ita. Wata ranar tana da daɗi. Wata ranar ban gane ta ba sam, sai in ajiye tambayar har Fasto ya zo. Wata ranar kuma ta faɗa kan jerin sunayen mutane, wane ya haifi wane, in ce Ubangiji, yau kam ba ka ce komai ba.

Kurkunun ma haka. Wata safiyar ya ba da tsawon gaɓar yatsa biyu, wata safiyar ko ƙwayar gero. Ranar da ya ƙi motsi hannuna har ƙaiƙayi yake in taya shi. Hannatu ta riƙa ɗaure ƙyallen da wani ƙulli da ita kaɗai ta san kansa.

Godiya Inna ce ta tilasta mini. Ta ce ba za a riƙa tashinta kullum da ƙorafi kaɗai ba, in nemi abu ɗaya in gode. Ranar farko na gode wa Allah da ƙafar dama. Rana ta biyu na gode da ba a haife ni da ƙafa huɗu kamar jakin Malam Lawali ba, da kurkunun ya samu fili. Amma wata safiya Hannatu tana murza tsinken na ga tafin hannunta, duk ya yi kanta ya fashe saboda hauyata da take riƙewa bayan tata. Ranar ban yi wasa da godiyar ba. Ita dai ta ja ƙullin da ƙarfi fiye da kullum.

Abu na ƙarshe da ya shiga asubar tawa, shi ne ya fi ba ni wuya. Ina cikin kai ƙara na ce, “Ubangiji, dubi tsutsar nan, tsawonta ya kai daga nan zuwa Gabi, kaurinta ya kai igiyar rijiya.”

Hannatu ta tsaya. “Wa kake yi wa ƙarya?”

“Zance ne.”

“Yi wa Bitrus zance. Wannan shi ya halicce ta, ya san tsawonta. Kullum kana faɗa masa abin da ba haka ba. Ka taɓa faɗa masa abu ɗaya yadda yake?”

Na ce mi zai hana. Na buɗe baki, sai na ga ba shi da sauƙi. Ni tun ina yaro in na ga ɓera sai na ce gafiya. Na daɗe ina nema, sannan na ce, “Ubangiji, na farkon ba da kansa ya tsinke ba.” Hannatu ta ce duk garin an sani. Na ce ba da ke nake ba.

Daga ranar na sa wa kaina doka, ba wanda ya sa ni. Kowace asuba, bayan ƙorafi da aya da godiya, sai na faɗi gaskiya ɗaya tsirara, ba gishiri. Ina tsoron gwiwar nan. Ina jin haushin Bitrus don yana da lafiya. Jiya na ji daɗi da ruwa ya kore su daga filin ƙwallo. Irin waɗannan. Da rana kuwa in masu dubiya sun zo, gishirina yana nan daram, ban tuba da shi ba, har yau.

Kaka ba ta fasa zuwa ba. Takan kawo mini fura, ta zauna ta ce, “Kullum kuka kake wa Allahn ubanka, ga ka nan dai kwance. Kaza guda ta raba ka da wanga.”

In ce, “Tsohuwa, ki soya kazar ki kawo mini nan, za ki ga yadda za ta yi aiki.”

Gero yana fitar da kai na biyun ya ƙare. Hannatu ta murza, sai ga wutsiyar ta fito da ɗan lanƙwasarta, cikakke bai tsinke ba. Tsawonsa, tunda a rubuce ne kuma Hannatu za ta karanta, ya kai daga yatsana zuwa kafaɗa. Gwiwa ta tsira. Idon sawun dai, inda na yi aikina, ya warke a ƙage. Na fara takawa da sanda, na koma ajin baftisma, na ba Fasto mamaki da tambayoyi. Tashin asuba kuwa, da babu tsinken murzawa na ɗauka zai tafi. Na yi fashin kwana biyu, na ji yinin ba shi da kai. Na koma gindin bedi ni kaɗai, ladan na tashe ni, ba shurin Hannatu.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, aka sa ranar Lahadi. Inna ta ɗinka mini farar riga har ƙasa. Ranar Juma'a da yamma na ji wani ƙaiƙayi a bayan diddigen dama, ƙafar da nake ta godiya a kanta. Na zagaya bayan rumbu na duba. Bororo ne, ƙarami kamar ƙwayar wake, yana zafin nan da na sani.

Bitrus kaɗai na nuna wa. Ya duba hagu da dama ya ce, “Rigar ta kai ƙasa. Wa zai ga diddigenka? Shiga ne da fita.”

“Majo ya ce ƙwai yake zubawa.”

“Tafki guda? Shanu na fitsari a ciki, ba wanda ya mutu. Ka sha wuya damina guda, yanzu kuma ka zauna da yara wata shekara? Ka yi shiru, Iliya. Ranar Litinin ka ce yanzu ya fito.”

Maganarsa ta shige ni sosai. Na kwanta a kan cewa haka za a yi.

Asubar Asabar na fita gindin bedi. Ƙorafi na yi shi a taƙaice, ban ambaci ƙafa ba. Na karanta ayata. Na gode da farar riga. Da na zo wurin gaskiya ɗaya, sai na ce, “Ubangiji, jiya na sha furar Hannatu na ƙara ruwa.” Gaskiya ce kuwa. Na tashi zan tafi, na kasa. Wata da watanni na saba in faɗi wadda ta fi nauyi, bakina ya san bambanci ko ni na yi kamar ban sani ba. Na koma na zauna. Na gwada wata, ita ma ba ta wuce ba.

Sai faɗan ya dawo, irin na farko. Na ce, “Wai mi kake so da ni? Na tashi kullum, na karanta, na gode maka har da abin da bai kai a gode ba. Don kai zan shiga ruwan nan. Ka bari sai yanzu ka fito da shi? Ba ka iya jira har Litinin?” Babu wata murya da ta amsa, kada wani ya ce na ce. Abin da ya zo mini kawai shi ne wurin. Mashayar nan da za a yi baftisma, nan 'yan gidan Kaka suke ɗiba. Na gan ta da ɗankwalinta na ƙyallen tacewa tana kafa kai a ƙwarya. Tsohuwa irinta, wa zai murza mata tsinke wata biyu, kuma da wane jiki za ta ɗauka?

Na ce, “To. Akwai bororo a diddigena na dama, kuma na yi niyyar ɓoyewa.” Na ƙara da cewa, “Amma ka sani ban ji daɗinka ba yau.” Wannan ma gaskiya ce, ranar masu nauyi biyu na faɗa.

Na ɗauki sanda na tafi gidan Fasto kafin zuciyata ta sake shawara. Ya duba diddigen da kyau. Sannan ya ce sai baɗi.

Na ce ban yarda ba. A cika tano, babbar gangar nan, da ruwa a tsakar majami'a a tsoma ni, a zubar a rairayi. Ko a zuba mini a ka. Ya ce ba shi kaɗai ke yanke irin wannan ba, dattawa sun saba da tafki, kuma ba za a taru a canja tsari a yini guda ba. Na ce dattawan ba su taɓa yin kurkunu ba ne. Ya ce biyu daga cikinsu sun yi. Har yau ina ganin da sun so da an yi a tano, kuma na gaya musu haka a gabansu. Fasto dai ya raka ni har bakin hanya, ya dafa kafaɗata ya ce, “Bencin zai jira ka.” Na ce ba benci ne ya dame ni ba yanzu. Na faɗa ne don haushi, sai a hanya na gane haka ɗin ne.

Labari ya riga ni isa gida. Inna ta ninke farar rigar tana share ido. Baba ya ce in na ga zai yi mini nauyi, gobe in zauna gida. Na ce wa, ni? Ko da rarrafe sai na je.

Kaka ta iso da yamma, fuskarta cike da nasara. “Ka gani ko, maigidana? Hagu, hagu, yanzu dama. Ruwan ma ya ƙi ka. Doguwa ba ta sakin nata.”

Na ce, “Tsohuwa, ruwa bai ƙi ni ba. Da na yi shiru da gobe ina ciki, ba wanda ya sani. Ni na ƙi shiga, don ke kike shan sa, kuma abin tacewar yana kanki.”

Ta kai hannu ta taɓa ɗankwalin. Ta dube ni, ta dubi Baba. Can ta ce, “Ja'iri. Wa yac ce maka ina tsoron tsutsa?” Ta tashi ta tafi, ta bar ƙwaryar furar da ta zo da ita, ba ta ma tsaya an juye ba.

Ranar Lahadi na je. Na zauna can kan tudu nesa da ruwa, ƙafa a naɗe, yara na nuna ni. Wani ya ce ga mai cewa shi zai fara shiga. Na ce masa ya matso kusa da sandata ya maimaita. Bitrus ne ya fara shiga. Da aka ɗago shi aka ɗauki waƙa, na buɗe maƙogwaro na rera fiye da kowa, ba a kan murya ba, har zumuntar mata suna waiwaye. Hawaye na zuba, ban fasa ba. Da ya fito bai iya haɗa ido da ni ba, ni na kira shi na ba shi hannu, na ce rigarsa ta yi masa gajarta.

Ga abin da zan ce muku, 'yan'uwa. Ku tace ruwa, ko a gona ne, ko da bakin riga. In ya fito kada ku ja. Kuma kada ku jira sai an kwantar da ku kafin ku sami wurin zama da Ubangiji da safe. Nawa gindin bedi ne, aya ɗaya, godiya ɗaya, gaskiya ɗaya, sai faɗa in akwai. Wasu ranakun ina makara, wasu ranakun ba na jin komai, ina dai zuwa. Na gode wa Inna da akuyarta, da Malam Lawali, da majo duk da matsar da ya yi mini, da Yaya Hannatu wadda ta ce in na rubuta cewa bakinta ba shi da sanyi za ta fasa mini kai.

Na ukun ya fito cikakke kafin Kirsimati, ni na murza shi da kaina. An yi mini baftisma bayan girbin shekarar da ta biyo, tare da ƙanwar Bitrus da wasu yara biyu da nake yi wa ranƙwashi a da, kuma ni ne na ƙarshe a layi. Idon sawun hagu bai sake lanƙwasuwa daidai ba. Na bar ƙwallo, kuma ina ɗingishi.